Likitar Da Ba Ta Ba Da Magani

A gidanmu muna da likita sukutum da guda, amma idan kan wani ya sara, kemis ɗin bakin layi ake nufa. Ba wai mun raina Yaya ba ne. Ita ce babbarmu, ni ce auta, tsakaninmu akwai maza biyu da neman abinci ya watsa su, kuma duk cikinmu babu wanda Inna take tinƙaho da shi kamar ita. Matsalar ɗaya ce, Yaya ba ta ba da magani. Ka je mata da zazzaɓi kana karkarwa, sai ta jawo kujera ta zauna ta hau yi maka tambayoyi kamar an kama ka da kayan sata. Yaushe ya fara? Ina ka je makon jiya? Wane ruwa kuke sha? Akwai mai tari a wurin aikinku? Kun sayi sabuwar akuya? Idan ta gama tatsar ka, sai ta ce, "A yi gwaji tukuna." Shi ya sa Inna ta raɗa mata suna Likitar Tukuna, sunan kuma ya bi ta har gidan mijinta.

Inna tana da nata asibitin a saman kabad, wani tsohon gwangwanin madara mai murfin roba. Duk wanda aka rubuta wa magani a gidan, ya ji sauƙi kafin ya shanye, ragowar a nan take sauka. Akwai kafso ja da baƙi, akwai ja da ruwan ɗorawa, akwai fararen ƙwayoyi da rubutunsu ya goge. Inna ba ta karatu, amma da launi ta san kowanne. Maƙwabta ma sun san da zaman gwangwanin, kuma ba ta taɓa hana kowa ba. A wurinta zubar da magani daidai yake da zubar da abinci.

Ba zan yi muku ƙarya in ce Yaya ta taso da burin ceton al'umma ba. Ita dai Allah Ya ba ta kai, kuma ba ta iya komai da hannunta ba. Ko maɓalli ta ɗinka sai na warware na sake, ga shi na girma na zama tela. Da ta shiga makarantar likitanci sai muka daina ganin ta sai da hutu, ta dawo a rame, jakarta cike da littattafan da Inna ta hana a buɗe su lokacin cin abinci saboda hotunan da ke ciki. Ranar da ta gama, Inna ta zagaye layinmu gida gida tana shelar cewa daga yau ciwo ya ƙare a zuriyarta.

Sai aka tura ta aiki wani ƙaramin asibiti a ƙauye, ba ta daɗe da zuwa ba amai da gudawa ya ɓarke. Gadaje suka cika, aka shimfiɗa mutane a baranda, ana rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusoshin taga. Tana sa wa wannan ruwa, ana shigo da wani a kafaɗa. A nan wannan hali nata na tambaya ya yi rana, don ta lura duk waɗanda ake kawowa daga gefe ɗaya na garin suke. Ta bi sawu har wani tankin ruwa da ramin bayan gida yake tsiyaya a gindinsa. Aka rufe tankin, kafin mako ya zagayo baranda ta koma wurin shan iska. Da ta zo gida ta ce da ni, "Auta, ranar nan ban ba kowa ƙwaya ko ɗaya ba, amma ban taɓa yi wa mutane magani kamar ranar ba." Tun daga nan ta ƙudurta cewa cututtuka masu yaɗuwa za ta karanta.

Inna ba ta so ba. Ita likitar mata ta so, wadda za a riƙa haihuwa a hannunta ana sa mata albarka.

"Duk cututtukan duniya ki rasa wanda za ki zaɓa sai wanda ake gudu?" in ji Inna. "Mutane na toshe hanci suna fita, ke kina shiga?"

"Ai dole wani ya shiga, Inna."

"To shi wanin ba shi da uwa ne?"

Haka ta koma babban asibitin koyarwa, ta sake zama ɗaliba bayan ta zama likita. Shekaru ta kwashe a ƙarƙashin wani dattijo da kowa yake kira Farfesa, siririn mutum mai tafiya kamar ba ya son taka ƙasa. Ta zauna a sashen masu tarin fuka, ta zauna a na masu sanƙarau, ta koyi leƙen abin da ido ba ya gani a madubin ɗakin gwaji. Jarabawar ƙwarewa kuwa da farko ƙasa ta sha. Ranar da sakamako ya fito shagona ta zo, ta kwanta a kan tulin yadin mutane, ta rufe fuska da gyale. Na ci gaba da taka kekena don kada ta ji kunyar kuka. Da shekara ta zagayo ta ci, har aka tura ta ƙasar waje ƙarin karatu. Ta dawo ba mota ba kayan alatu, sai man shafawa na hannu cike da akwati.

Hannun nan nata abin tausayi ne, duk ya tsattsage saboda sabulu. Laifin Farfesa ne. Shi ne yake tsayawa a bakin kowane gado ya zuba wa ɗalibai ido, duk wanda ya taɓa mara lafiya ya nufi gado na gaba bai biya ta famfo ba, sai ya ji muryarsa a ƙeya: "Ko uwarka ka taɓa, wanke hannu kafin ka taɓa wani." Ɗalibai suna kwaikwayonsa a bayan ido suna dariya, ita ma Yaya ta sha yi mana a gida har da tafiyar. Amma abin ya shige ta. 'Ya'yanta sun san idan ta dawo daga aiki ba a rugawa a rungume ta. Sai su yi cirko-cirko a bakin ƙofa, ta ɗaga hannuwa sama ta wuce banɗaki, sai ta fito sannan ta zama uwarsu.

Abokan karatunta da suka zaɓi tiyata sun gina asibitocin kansu. Ita ofishinta wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, kusa da inda ake tara zannuwan wanki. Kuma ba a kiran ta sai abu ya ɓaci. Idan sauran likitoci sun ba da wannan sun ba da wancan zazzaɓi ya ƙi sauka, sai a ce a nemo ta.

Wata rana na kai mata farar rigar aiki da na ɗinka mata, na same ta a ɗakin gwaji. Ta ce in zo in ga wani abu. Ta ɗaga wani ɗan faranti mai murfi ta saita shi da hasken taga. A cikinsa wani abu ya yi shimfiɗa kamar furfurar da ke fitowa a kan tsohon burodi, an jera wasu 'yan fararen takardu a kai, zagayayyu kamar maɓallan riga.

"Wannan shimfiɗar ita ce ƙwayar cutar da muka samo a jinin wani mutum," in ji ta. "Kowane maɓalli kuma magani ne daban. Kin ga wannan da fili ya zagaye shi, tas babu komai? Cutar tana tsoronsa, shi za mu ba shi. Wannan kuwa da ta hau har kansa ta zauna, ko buhu ya sha ba zai ji komai ba."

"To ai abin da sauƙi," na ce.

"Da sauƙi a da. Lokacin da na fara, filin nan har yatsa yake ɗauka. Kowace shekara ƙara tsukewa yake. Duk wanda ya sha magani kwana biyu ya ajiye, ai makaranta ya sa cutar, ya koya mata yadda za ta tsira."

Na gane inda maganar ta dosa, sai na hau duba ɗinkin aljihun rigar.

Yaƙin Yaya da gwangwanin Inna ya fi aurena daɗewa. Duk zuwan da za ta yi, kafin ta gama gaisuwa idonta yana saman kabad. Ta juye shi a leda ta tafi da shi, kafin wata ya ƙare Inna ta sake tarawa. Daga baya gwangwanin ya yi ƙaura zuwa ƙarƙashin gado, ya koma cikin buhun shinkafa, har cikin akwatin tsohon kekena ya taɓa kwana.

"Inna, don Allah ki daina. Wata rana za ki nemi maganin nan ya ƙi ki."

"Ni da na raine ku da shi ku huɗu? Ke kanki da ja da baƙin nan kika yi ƙashi, har kika samu bakin yi mini lacca."

"Idan kin ji ciwo ki kira ni mana."

"In kira ki ki ce tukuna? Ciwon ma tukuna zai yi?"

Sai su yi dariya su duka. Yaya tana iya tsayawa gaban manyan likitoci ta hana su rubuta magani, su haƙura suna ƙunƙuni, amma Inna ta fi ƙarfinta.

Da girma ya kama Inna sai ciwon suga ya same ta, tare da shi kuma wani ciwon mara da yake zuwa yana komawa, fitsari da zafi. Ba ta son faɗa wa kowa irin wannan ciwon. Idan ya taso sai ta lallaɓa ta haɗiyi kafsonta na kwana biyu, ya lafa, ta ci gaba da harkokinta.

Lokacin ina goyon ɗana na fari, bai fi wata biyu ba. Wata safiya na biya gaishe ta na tarar ba ta buɗe ƙofa ba. Tana kwance cikin bargo, haƙoranta suna haɗuwa, jikinta kamar garwashi. Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Nan take na kira Yaya a waya, muka ɗauki Inna.

Yaya tana jiran mu a ƙofar asibiti. Ta sa aka ɗebi jini da fitsari, kafin mai ɗiban ya fita ta riga ta sa an ɗaura allura mai ƙarfi. Wannan karon ba ta ce tukuna ba. Na ji sanyi a raina, na ce ai shi ke nan, ciwo ya zo gidan maganinsa.

Zazzaɓin bai sauka ba. Aka sauya allura, ya ɗan yi kamar zai saki, ya sake dawowa. A ƙa'ida likita ba ya duba mahaifiyarsa, amma duk asibitin ita kaɗai ce mai wannan fannin, Farfesa ya daɗe da yin ritaya. Don haka ita ce 'ya, ita ce kuma wadda ake jira ta faɗi abin yi.

Ranar da sakamako ya fito na bi ta ɗakin gwaji, ba ta hana ni ba. Ta ɗaga farantin Inna ta saita shi da taga. Ina ma a ce ba ta taɓa koya mini karanta shi ba. Cutar ta shimfiɗe ko'ina, ta hau wannan maɓalli ta hau wancan, babu fili ko kaɗan. Can gefe guda ɗaya ne kawai wani siririn zobe ya zagaye, bai fi kaurin zare ba.

"Ga ɗaya can," na ce. "Yaya, ga ɗaya!"

"Na gan shi. Tsohon magani ne da aka daina amfani da shi saboda yana cin ƙoda. Ita kuma suga ya riga ya taɓa nata."

Ta aika aka ɗauko Farfesa daga gida. Ya shigo da sanda, ya karɓi farantin ya daɗe yana kallo, sannan ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambaye ta abin da ta yanke, ta faɗa masa, ya ce shi ma da abin da zai yi ke nan. Har ya juya zai tafi ya dawo ya ce, "Ban koya miki abin da ya wuce wannan ba, don ni ma iyakar abin da na sani ke nan."

Akwai wani sabon magani, in ji Yaya. Ta karanta labarinsa, ta ma zauna a taron da aka yi bayaninsa lokacin da take waje. Amma babu shi a asibitin, babu shi a garin. Ta tsaya a baranda da waya a kunne, ta kira abokan karatu, ta kira waɗanda rabonta da su tun suna ɗalibai, tana rusunawa a waya kamar suna ganin ta. Kowa ya yi alƙawari. Wanda ya fi kowa ƙoƙari ya ce in Allah Ya so zai iso ƙarshen wata.

Aka fara tsohon maganin, aka kuma mayar da Inna wani ɗaki ita kaɗai, don kada cutar ta bi hannun wani ta kai ga sauran marasa lafiya. Ba a shiga sai da rigar leda da safar hannu. Wannan dokar Yaya ce ta kafa ta, shekaru ta yi tana faɗa da hukumar asibitin kafin a ba ta ɗakin. Da hankalin Inna ya ɗan dawo ta ga mun tsaya a kanta cikin leda, sai ta ce, "Yau kuma ni ce abin ƙyama?" Yaya ta hau gyara ledar ƙarin ruwa da ba ta bukatar gyara.

Daga nan na koma mai gadin ledar fitsari da ke rataye a gefen gado. Da safe in duba, da rana in duba. Kullum abin da ke ciki raguwa yake, ƙafafun Inna kuma suna kumbura. Idan aka ci gaba da maganin ƙoda za ta tsaya, idan aka tsayar cutar za ta cinye jinin. Yaya ta rage, ta ƙara, ta sa aka yi wankin ƙoda, jinin Inna ya faɗi har aka dakatar. Duk ƙofar da ta taɓa sai ta same ta a kulle.

Ni kuwa haushi ya cika ni, na rasa wanda zan sauke wa sai ita. Na tare ta a baranda, kusa da ɗan ofishin nan nata.

"Duk shekarun nan me kika karanto? Kin bar mu, kin bar 'ya'yanki, kin tsattsaga hannunki, yau uwarki ce a kwance ki ce ba ki da abin yi?"

Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta jingina da bango ta ce, "Na san sunan ciwon nan, Auta. Na san danginsa, na san yadda yake shiga, na san abin da zai yi gobe da jibi. Abin da zai kashe shi ne ba ni da shi."

Can na tambaye ta abin da yake cina: "Gwangwanin ne?"

"Ban sani ba. Wataƙila shi ne, wataƙila a ruwa ta sha, wataƙila a hannun wani ta ɗauka. Garin nan gaba ɗaya gwangwani ne, mu ma nan asibiti muna da namu. Kada ki faɗa mata haka ko da wasa."

Ranar ƙarshe da hantsi Inna ta farka garau, har na fara murna. Ta gane ni, ta tambayi jaririna, ta ce kada in yarda a yi masa aski da tsohuwar reza. Sannan ta juya wajen Yaya.

"Likitar Tukuna."

"Na'am, Inna."

"Cire robar nan. Tunda na kwanta ban ji hannun mutum ba."

Yaya ta dubi ƙofa, ta dubi Inna. Sai ta zare safar hannun dama ta jefa a kwandon shara. Inna ta kama hannun tana shafa tsagar da ke bayan yatsun.

"Sabulu ya cinye miki hannu. Ba kya shafa man?"

"Ina shafawa."

"Ƙarya kike." Ta ja hannun ta ɗora a goshinta, yadda take yi mana muna yara. "Duba mini. Ya sauka?"

Na dubi Yaya. Ita ta san ma'anar sanyin da ta ji a goshin nan, ni a lokacin ban sani ba.

"Ya sauka, Inna."

"Kin gani. Ai na ce musu 'yata ta iya."

Ba ta ƙara magana ba. Hannun Yaya yana cikin nata har rana ta take, numfashin ya riƙa nisa da juna, daga baya wani bai biyo ba. Yaya da kanta ta rufe mata ido, da wannan hannun.

Ban san lokacin da na yage rigar ledar na watsar da safar ba. Na zagayo gadon na nufe ta, ni dai so nake in faɗa jikin wani nawa. Sai ta ja da baya, ta ɗaga hannun sama yadda take yi wa 'ya'yanta a bakin ƙofa.

"Tukuna, Auta. Kina da jariri."

Na tsaya a tsakiyar ɗaki hannuna a buɗe. Ta je bakin famfon da ke kusurwa ta tsaya tana kallon tafin hannunta, ta daɗe ba ta kunna ruwan ba. Sannan ta tura famfon da gwiwar hannu, ta matsa sabulu. Ta cuɗa ciki, ta cuɗa baya, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta murza babban yatsa, ta goge farce a tafi, babu abin da ta tsallake cikin abin da aka koya mata. Kafaɗunta suna rawa, ruwa yana zuba. Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nata a lokacin ba, kuma babu abin da zan iya yi mata.

Da ta gama ta cire rigar ledar, ta tsane hannun, ta zo ta rungume ni. Na kama hannun na kai fuskata ina neman Inna a jikinsa. Ƙamshin sabulu kawai na ji.